Ƙarfen da Ya Shiga Akwatin Lefe

Tun kafin Sumaiya ta ajiye kofin zoɓon ta gane yau ba lafiya ba. Zulkiflu, mutumin da kullum shi yake fara tsokanarta tun daga bakin zaure, yau ya zauna a kan tabarma ya haɗa kai da gwiwa yana kallon takalmansa.

"Malam Zulki, wa ya taɓa mini kai?"

"Kwamfutata," ya ce bai ko ɗago ba.

Ta yi dariya ta zauna daga can gefen tabarmar. "Au, na ɗauka Gwaggo ce. Alhamdulillahi, yau an samu canji."

Bai taya ta dariyar ba, ita ma sai ta haɗiye tata.

Ai kuwa ba abin dariya ba ne. Zulkiflu yana da ɗan shago a nan Tudun Wada inda yake haɗa bidiyon biki da suna da walima, kuma wannan sana'ar ce ta tsaya wa aurensu a wuya. Mahaifin Sumaiya, Malam Kailani, tsohon ma'aikacin wutar lantarki ne a reluwe, mutum mai ƙarancin magana. Ya karɓi kuɗin gaisuwa, amma ya ƙi sa rana. Iyakar abin da ya ce, yaron ya nemo aiki tsayayye tukuna, don shi ba zai ba da 'yarsa ga wanda abincinsa ke jiran wasu su yi aure ba.

Gwaggo Ishatu kuwa, ƙanwar Malam Kailani, wadda ta raini Sumaiya tun rasuwar mahaifiyarta, ita ko sunan Zulkiflu ba ta taɓa kamawa ba. "Mai bidiyo" take ce masa. Tana da nata ɗan takarar, Mujahid, ɗan wata aminiyarta a Hanwa, mai aikin ofis da mota mai sanyi da turaren da ke riga shi shiga gida. Ita ce ta kafa sharaɗin da ba a saba ji ba, wai a kawo lefe kafin sa rana, a ga ƙarfin mai bidiyo. Kuma lallai a ciki a samu leshin nan mai duwatsu da ake yayi, don uwar Mujahid ta ce ita biyu ma za ta saka.

"Faɗa mini," in ji Sumaiya a hankali.

"Kamfanin irin shukan nan da na ce miki ina bi, sun ba ni aikin. Bidiyon koya wa manoma shuka da sa taki. Idan na miƙa kashin farko kafin ƙarshen wata, za su ɗauke ni na shekara guda, wata-wata su biya ni kamar ma'aikaci."

Saura kaɗan ta rangaɗa guɗa a zauren ubanta. Ta toshe baki da gefen hijabi, idanunta suka cika da murna.

"Aikin da Baba yake jira ke nan! Shi ne ka zo ka zauna mini kamar an yi maka rasuwa?"

"Hotunan nasu da sabuwar kyamara aka ɗauko, nauyi gare su. Ina buɗewa kwamfutar ta fara numfashi sama-sama. Manomi ya ɗaga fartanya sai ya tsaya cak, in je in yi alwala in dawo bai sauke ba."

Wannan karon dariyar ta ƙwace mata, shi ma ya ɗan murmusa. Sumaiya kwamfuta ta karanta, ita kuma take koyarwa a wata sakandare ta 'yan mata, saboda haka ba ta sha wuyar gano ciwon ba.

"Girafik kad ɗinka ne ya tsufa, shi ke ɗaukar nauyin hoto. Kuma idan ka canza shi, dole ka canza fawa saflai, wanda ke raba wa kayan cikin wuta. Tsohon ba zai iya ciyar da sabon kad ba."

"Na sani. Aljihun ne bai sani ba."

"Gobe in na tashi daga makaranta mu haɗu a Kwangila wajen Ejike mai sayar da kayan kwamfuta. Ka taho da Yaya Bahijja, kada a kai wa Gwaggo labari an gan ni da kai mu kaɗai."

* * *

Ejike a Zariya aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Yana ganinsu ya miƙe ya jawo wa Bahijja kujera. Ita ce yayar Zulkiflu, ita kuma ke riƙe da kuɗin lefe, daga nan ma kasuwa za ta wuce sayo leshin Gwaggo, wanda shi kaɗai ya rage.

"Oga Zulki, Malama, sannunku. Yau kuma da rakiyar manya?"

Zulkiflu ya faɗa masa abin da ke aljihunsa ƙasa-ƙasa. Ejike ya sosa ƙeya, ya shiga ciki ya fito da kad guda biyu ya jera a kan gilashin kanta.

Na farko ƙato ne, fanka uku, ga wasu fitilu masu launi a gefe. Na biyu ɗan madaidaici, fanka biyu, ba kwalliya, amma sabo fil a kwalinsa.

Idon Zulkiflu ya liƙe a kan ƙaton. Ya ɗauka yana juya shi kamar wanda aka miƙa wa jariri.

"Wannan na hannu ne," in ji Ejike, "shi ya sa kuɗinsa ya zo daidai da ƙaramin. Amma gaskiya zan faɗa maka, wanda ya kawo shi haƙar kuɗin intanet ya yi da shi, dare da rana ba hutu. Ba zan ba ka garanti ba."

"Ai yana aiki ko?"

"Yau dai yana yi."

Sumaiya ta karɓa ta hura fankar tsakiya, ta kai kunne. Fankar ta juya tana ɗan ƙara kamar tsohon keken ɗinki.

"Ka ji? Kuma waya biyu yake so a jona masa, wuta yake sha kamar dutsen guga. Ƙaramin nan giga takwas gare shi, ya ishi bidiyon manomanka har ya yi saura. Waya ɗaya, wuta kaɗan, ko a kan ɗan janaretanka zai tashi."

"Amma ki duba girmansa, Sumaiya."

"Na duba. A cikin kwamfuta zai zauna a rufe, wa zai gan shi?"

Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa yadda Ejike ba zai ji ba, "Ni zan san yana ciki. Ina so ko sau ɗaya in shiga shago in ɗauki babban abu. Kullum ni ne mai ƙarami."

Maganar ta soki zuciyarta, don ta san daga inda ta fito. Shekaranjiya Mujahid ya zo gaida Gwaggo ya faka motarsa daidai inda Zulkiflu ke jingine babur ɗinsa.

"Da wa kake gasa?" ta ce. "In da mai babban abu nake so, ai na san hanyar Hanwa."

Bahijja da ke zaune ta yi gyaran murya tana danne dariya. Zulkiflu ya ajiye ƙaton kad ɗin a hankali, ya tura shi gefe, ya jawo ƙaramin gabansa.

"Shi ke nan, Malama ta yi hukunci."

Sai aka zo kan fawa saflai, a nan kuwa aka yi ta. Ejike ya fito da biyu. Ɗaya an rubuta masa ƙarfin wuta wat dubu da manyan jajayen haruffa, ga shi da arha. Ɗayan baƙi ne, wat ɗari biyar da hamsin kawai, amma kuɗinsa ya ninka na farkon har ya wuce. Canjin da ya rage wa Zulkiflu bayan kad, mai arhar kaɗai zai saya.

"Ga wannan ai, dubu ma aka rubuta," ya ce.

"Ɗaga shi," in ji Sumaiya.

Ya ɗaga, sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Ya ɗaga baƙin, sai da hannunsa ya ɗan yi ƙasa.

"Rubutu kowa ya iya," ta ce. "Nauyin nan da ka ji, kayan kariya ne a ciki. Ka san wutarmu ta Tudun Wada, ta zo kamar ba ta ci abinci ba, can kuma ta zo da hauka. Baƙin nan in wuta ta yi hauka kashe kansa yake ya bar sauran kaya lafiya. Mai arhar kuwa in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Zai tafi da sabon kad ɗinka, ya tafi da hotunan kamfani."

Ejike ya ɗaga hannu biyu. "Ni mai sayarwa ne, wanda ka ɗauka zan sa maka a leda. Amma da ƙanina ne kai, da na ce ka ji maganar Malama."

Bahijja ta tambayi cikon da ake nema. Da Ejike ya faɗa, ta dubi jakarta, ta dubi ƙaninta.

"Ikon Allah. Daidai kuɗin leshin nan ne."

"A'a, Yaya," Zulkiflu ya katse ta da sauri. "Ko sisi ba za a taɓa ba."

"Zulki, lefen nan fa nawa ne," in ji Sumaiya. "Na yafe leshin."

"Ke kin yafe, Gwaggo ta yafe? So kike a buɗe akwati a tsakar gidanku a ce mai bidiyo ya cinye kuɗin lefe ya sayi kayan wasansa? Wallahi gara in rasa aikin."

"In ka rasa aikin ai ka rasa ni!"

Ba ta san hawayen sun zo ba sai da ta ji su a kumatu. Ta juya baya tana gogewa, kunya ta kama ta a shagon mutane. Ejike ya duƙa ya shiga neman wani abu a ƙasan kanta wanda babu shi.

"Kada ki yi kuka," in ji Zulkiflu. "Ina son ki fiye da yadda bakina ya iya faɗa. Shi ya sa ba zan yarda a raina ki ta dalilina ba. Zan nemo cikon, ko babur ɗin ne in sayar."

"Babur ɗin da mai saye ya taya shi kuɗin keke?" Ta share ido. "To ka yi mini alkawari ɗaya. Ba za ka jona kad ɗin nan da mai arha ba, ko da dare ɗaya ne ya rage maka."

Ya daɗe yana kallon jajayen haruffan nan kafin ya ce, "Na yi alkawari."

Ya biya kuɗin ƙaramin kad, ya fita tayar da babur. Yana ba da baya Sumaiya ta durƙusa gaban Bahijja ta kama hannunta.

"Yaya, don girman Allah ki bar leshin nan ki sayi baƙin ƙarfen can. Ni amarya ni na zaɓa. Kada ki gaya masa sai kin kai gida. Gwaggo kuma ki bar ni da ita."

Bahijja ta dube ta ta girgiza kai. "Yarinyar nan za ki sa a kore mu da taɓarya." Amma ta buɗe jaka.

* * *

Abin da Sumaiya ba ta sa a lissafinta ba shi ne Inna, mahaifiyar su Zulkiflu. Bahijja na kai kwalin gida ta yi bayani, tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta yanke magana.

"Da kuɗin lefe aka saya? To a akwati zai shiga. Ba za a ce mun ci kuɗin marainiya mun saya wa ɗanmu kayan aiki ba. Ya je gidansu a gan shi a fili. In ta ga dama ta ba shi da hannunta."

Ba a yi wa Inna musu. Aka naɗe kwalin da takarda mai ƙyalli, aka ɗaure da jan kirtani, aka kwantar da shi a tsakiyar atamfofi. Zulkiflu bai sani ba, yana can yana yawo da babur daga mai taya wannan sai mai taya wancan.

Ita kuwa Sumaiya tana gida tana jiran kiran godiya. Waya ta yi ƙara ta zabura, ta ga kamfanin layi ne. Da ya kira ɗin ma, bai ce komai a kan ƙarfen ba, sai tambayar ko ta ci abinci. Ta kashe wayar tana ƙunƙuni, wai maza ba su da godiya.

Ranar Asabar aka kawo lefe. Tsakar gidan Malam Kailani ta cika da mata, Sumaiya na ɗakin Gwaggo a ɓoye tana leƙe ta labule. Aka rangaɗa guɗa, aka fara buɗe akwatuna. Atamfofi, shadda, mayafai, takalma da jakunkunansu, kayan shafa. Ba laifi, har maƙwabta suna cewa mai bidiyo ya yi ƙoƙari. Gwaggo Ishatu dai hannunta kawai ke tona kaya, leshi take nema.

Sai hannun ya ci karo da kwali mai ƙyalli. Ta ɗaga ta ji nauyi, fuskarta ta ɗan saki. Wata daga baya ta ce, "Kai, wannan nauyin ai sai zinare."

Daga bayan labule Sumaiya ta gane girman kwalin.

Gwaggo ta warware kirtani ta buɗe. Ta zaro baƙin ƙarfe mai fanka a ciki, wayoyi na reto a gindinsa kamar saiwar albasa.

Mata suka matso suna leƙe.

"Murhun lantarki ne?" in ji wata.

"A'a, ina jin na turaren wuta ne, irin na zamani."

"Ina leshin?" in ji Gwaggo, idonta a kan Bahijja.

Bahijja ta sunkuyar da kai. "Hajiya, amarya ce ta zaɓi wannan a madadinsa."

Gwaggo mace ce mai sanin ya kamata, ba ta kunyata baƙi a gidan yayanta. Ta mayar da ƙarfen, ta sa aka kawo tukwici da abinci, ta raka su har zaure tana Allah ya sa alheri. Sai da tsakar gida ta watse sannan ta shigo ɗaki ta turo ƙofa.

Sumaiya ta shirya wa faɗa. Abin da ba ta shirya wa ba shi ne ta ga Gwaggo ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka.

"Me na yi miki, Sumaiya? Ranar da uwarki za ta cika, hannuna ta kama ta ce ga amana. Na hana kaina na ba ki. Yau a gaban matan unguwa a buɗe lefenki a ga ƙarfe?"

Sumaiya ta zube a ƙasa ta kifa kai a cinyarta. "Gwaggo, ki yafe mini. Ban san za su sa shi a akwati ba."

"Au, a ɓoye ma kika so a yi? Tun ba ki shiga gidansa ba kin fara cire na jikinki kina ba namiji. Na ga irinku, 'yar nan. Yau leshi, gobe ɗan kunne, jibi gadon kwana. Ni ba ƙin yaron nake ba, talauci nake ji miki tsoro. Mujahid ba zai taɓa sa ki zaɓi tsakanin sutura da abinci ba."

"Shi ma bai sa ni ba, Gwaggo. Ya ƙi, har muka yi faɗa. Leshin nan sau nawa zan saka kafin a daina yayinsa? Ƙarfen nan kuwa shi zai riƙe aikin da Baba yake jira. Ni Zulkiflu nake so, Gwaggo. In aka ba ni wani zan zauna don biyayya, amma ba zan yi farin ciki ba, kuma ke za ki fara gani a fuskata."

Gwaggo ta share hawaye da bakin zani, ta miƙe ta ɗauki ƙarfen.

"Tashi mu je wajen ubanki. Yau za a yi ta ta ƙare."

* * *

Bayan la'asar Malam Kailani ya aika aka kirawo Zulkiflu. Ya shigo falo ya durƙusa daga bakin ƙofa. Idonsa na sauka kan baƙin ƙarfen da ke kan darduma gaban Malam, bakinsa ya buɗe. Ya dubi Sumaiya da ke rakuɓe a bayan Gwaggo, ta kawar da kai.

Malam ya ɗauki ƙarfen ya auna shi a tafin hannu. Ya sa tabarau ya leƙa ta ragar fankar, ya daɗe yana kallon abin da ke ciki, irin kallon da mutum ke yi wa tsohuwar sana'arsa.

"Ka san da wannan a lefe?"

"Wallahi Baba ban sani ba. A yi mini afuwa. A ba ni shi in mayar, gobe in sha Allahu leshin zai zo."

"In ka mayar, aikin kamfanin fa? Sumaiya ta gaya mini komai."

"Sai in haƙura da shi, Baba."

"Lokacin da kuke shagon, kuɗin leshin na jakar yayarka. Me ya hana ka karɓa?"

"Ba nawa ba ne, Baba."

"An ce akwai mai arha. Me ya hana ka jona shi ka yi aikinka?"

Zulkiflu ya sunkuyar da kai. "Na yi mata alkawari ba zan jona ba."

"Shi ne aikin yake tsaye har yau?"

"Yana tsaye."

Malam ya cire tabarau ya ninke. Gwaggo ta karɓe zancen.

"Yaya, ni dai a mayar musu da akwatunansu. An yi sharaɗi ba su cika ba."

"Kun yi guɗa?"

"Mun yi."

"Kun ba da tukwici?"

"Don kunya muka bayar."

"To an karɓi lefe, Ishatu. Ba a mayar da shi daga gidana."

Gwaggo ta cije leɓe. Sai kuma idonta ya yi haske, ta gyara zama.

"Shi ke nan, na yarda an karɓa. Amma abin da ya shiga akwati ya zama kayan amarya. Kayan amarya kuwa ba sa fita daga gidan nan sai ranar da za a kai ta ɗakinta. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwarta. Ko allura ba za ta riga ta fita ba, balle ƙarfe."

Nan take Sumaiya ta gane tarkon. Ba ƙarfe, ba aiki. Ba aiki, ba sa rana. Ta dubi ubanta da idanu cike da roƙo.

Malam ya gyaɗa kai a hankali. "Ishatu ta yi gaskiya. Al'adar gidan nan ke nan, ba kuma a kaina za a karya ta ba."

Hawaye suka zubo wa Sumaiya, ta toshe baki kada kukan ya fito. Zulkiflu ya runtse ido, ya ce, "Na gode, Baba," ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, ban sallame ka ba. Yaushe ka ce kamfanin ke son aikinsu?"

"Ƙarshen wata, Baba."

"In ƙarfen nan na hannunka, za ka gama a mako guda?"

"Zan gama."

Malam ya ɗaga kai yana kallon silin, leɓunansa na motsi kaɗan. Sannan ya tura ƙarfen gaban 'yarsa.

"To ka ce wa iyayenka maza su zo gobe. Juma'a mai zuwa a ɗaura aure, a kai ta da ƙarfenta. Tunda ba zai riga ta fita ba, sai su fita tare."

Sumaiya ta ɗago da jiƙaƙƙiyar fuska ba ta gaskata kunnenta ba. Zulkiflu kuwa bakinsa ya kasa haɗa godiyar, sai "Baba, Baba" yake ta maimaitawa.

"Yaya!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Juma'ar nan? Kayan ɗaki fa? Gara fa? Ni ba haka nake nufi ba!"

"Ke kika kawo dokar, ni bin ta kawai na yi. Kayan ɗaki kuwa, kin ɗauka ban san abin da kike tarawa a ƙarƙashin gadonki tun tana aji uku ba?" Ya sassauta murya. "Ishatu, aiki tsayayye na ce ya nemo, don ina tsoron abin da kike tsoro. Yaron da kuɗi ke gabansa ya ƙi taɓawa don na 'yarki ne, ya zauna yana kallon aikinsa zai kuɓuce don ya yi mata alkawari, ba zai sayar mata da ɗan kunne ba. Amanar da aka ba ki kin riƙe. Ki bari a taya ki."

Gwaggo ta daɗe tana kallon Sumaiya, yarinyar da ta goya, ta yi wa kitso, ta raka makaranta. Sumaiya ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙarfen, Gwaggo ta buge hannun.

"Ba ni nan, kada ki yar da shi tun ba a kai ki ba."

Ta ɗauka ta goge ƙurar da babu ita da gefen mayafinta, ta tattara wayoyin a hankali ta rungume shi a ƙirji. Har ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Kai, Zulkiflu."

Sumaiya ta zaro ido. Tunda ake, yau ne Gwaggo ta fara kama sunan.

"Na'am, Gwaggo."

"Tunda kai ne angon, wa zai ɗauki bidiyon?"

"Akwai abokina, Gwaggo, ya iya sosai."

"To ka ja masa kunne. Ba na son a ɗauke ni ina kuka."

Ta faɗa ne hawaye na ɗiga a kan baƙin ƙarfen, ta sa mayafi ta sake goge shi, sannan ta fita.